Agogon Ɗaki na Bakwai

Ni fa tun a mota na gaya wa 'yata cewa otal ɗin nan ba wurinmu ba ne, amma wa zai ja da lauya? Tun tana 'yar shekara shida muke kiranta Lauya saboda bakinta, sai kuma ta je ta karanta abin da gaske, ka ga kuwa mun shiga uku. Ta ce ƙaramin otal ne na 'yan gayu a tsakiyar birni, ɗaki goma sha biyu kacal, kuma tafiyar minti goma ce a ƙafa zuwa asibitin da za a duba hannun babanta washegari da safe. Hannun ne ya kawo mu. Shekara uku ke nan yana rawa, na dama ya fi tsanani, har ta kai in zai sha shayi sai ya tallafi kofin da hannu biyu.

Mijina mai gyaran agogo ne. Shekara arba'in da ɗaya yana zaune a ɗan shagonsa na bakin kasuwar garinmu. Kowa Mai-agogo yake ce masa, har ni, in raina ya ɓaci. Lauya kuwa ta riga ta yanke hukunci ba tare da ta saurari kowa ba: da zarar likita ya yi magana, za ta buga wa wani mai sayar da kayan waya da ya daɗe yana maitar shagon, ta ce ya zo ya karɓi makulli. A mota ta faɗa, tana tuƙi, ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Baba, ka huta haka nan. Wata rana za ka lalata agogon wani, a zo a ci maka mutunci a banza."

Ya juya yana kallon titi, ya ce, "To."

To! Shekara arba'in da ɗaya, wai to. Na zungure shi da gwiwar hannu, ya yi kamar bai ji ba.

Otal ɗin wani tsohon gini ne siriri, an cusa shi tsakanin banki da kantin takalma. Kana shiga hayaniyar titi take yankewa, sai ƙamshi da sanyi, kuma kowa a ciki raɗa yake yi sai ka ce akwai mara lafiya. Na tsaya ina ƙare wa wurin kallo. An kankare fentin bango da gangan har bulo ya fito. Ƙwayayen lantarki na reto tsirara, babu ko murfi. Teburin da aka ɗora furanni a kai ƙafar tsohon keken ɗinki ce, kuma furannin ma a cikin dutsen guga na gawayi aka dasa su, irin wanda na jefar tun Lauya na goye.

Na ce, "Kayan bola ke nan aka kawo mu kallo?"

Lauya ta matse mini hannu. "Umma, don Allah. Ado ne."

Babanta bai ji mu ba. Yana can tsaye a gaban wani dogon agogo na katako da ke kusa da matakala, fuskarsa ta canza. Hannayen agogon suna kan goma da minti goma, alhali ƙarfe biyu ta wuce. Muka hau bene, akwai wani a kwanar matakala, shi ma goma da minti goma. Lauya ta goga kati a ƙofar ɗaki na bakwai, ƙofa ta buɗe, ga na uku a bango yana fuskantar gado, mai ƙofar gilashi da ɗan faifan lilo a ƙasa. Goma da minti goma.

Mai-agogo ya zauna a bakin gado, ya ce, "Uku. Duka matattu."

Lauya ta nuna mana yadda ake kunna sanyi da inda ake danna ruwan zafi. Bahon wankan ma a tsakiyar ɗaki yake, ba ƙofa ba labule, Allah na tuba. Ta ce za ta je asibiti ta karɓo katin babanta ta kuma biya ta ofishinsu, sai wajen ƙarfe huɗu. A bakin ƙofa ta juyo ta ɗaga yatsa, yadda nake yi mata da tana yarinya.

"Kada ku taɓa komai."

Yanzu bari in faɗi abin da Lauya ba ta sani ba, ita da ƙannenta da duk kasuwar. Shekara uku ke nan babu agogon da ya fita daga shagon nan wanda ba hannuna ne ya gyara shi ba. Ranar da abin ya fara, na kai masa abincin rana na tarar da shi yana neman wani ɗan sukuru a ƙasa, yana zufa, wanda ya kawo agogon kuma zai dawo da yamma. Na tsinto masa. Ya kasa mayar da shi. Na ce kawo, ni da nake zura zare a allura ba gilashi. Daga nan aka fara. Akwai labule a bayan shagon, nan nake zama. Ya karɓi agogo a gaba, ya kara shi a kunne, ya ce a dawo jibi, sannan ya leƙo baya ya tsaya a kaina da madubinsa na ido ɗaya yana cewa, "Hagu. A hankali. Saki." Ni ke riƙe hantsaki, ɗan ƙarfen nan mai baki biyu da ake ɗaukar ƙananan abubuwa da shi. In an gama ya fita da agogon, a yi ta sa masa albarka, ina ciki ina ji. Mutane sun ɗauka zaman taya hira nake zuwa.

Ban taɓa ƙorafi ba. Mijina ne, rufin asirinsa nawa ne. Kuma gaskiya aikin ya shiga raina, har na kai in na ji agogo yana ɗingishi a gidan mutane sai hannuna ya riƙa ƙaiƙayi. Amma yanzu rufin asirin ne zai cinye shagon.

Ƙofa na rufuwa na juyo kansa. "Malam, ka gaya mata mana. Ka ce aiki bai tsaya ba, kuma ba zai tsaya ba."

"In ce me? In ce matata ke yi mini?"

"Ƙarya ce?"

"Gara a rufe."

Na ce, "Gara a rufe da a san ni ce? To madalla. Na gode."

Na koma kan wata kujera mai ƙafa uku da ke bakin taga, na naɗe hannu, ina kallon motoci a ƙasa. Can na ji motsi. Na waiga, sai ga mutumin ya hau kan akwatinmu yana sauko da agogon mutane daga bango.

"An ce kada a taɓa komai."

"Dubawa kawai zan yi."

Dubawa! Mutumin da ko gaisuwar rashin lafiya muka je sai ya duba agogon gidan kafin ya duba mara lafiyan. Ya buɗe teburin guga da ya samu a cikin kabad, ya ja shi bakin haske, ya shimfiɗa farin tawul ɗin otal, ya kwantar da agogon a kai. Ya zaro ɗan ƙunshin kayan aikinsa daga aljihun ciki. Ashe har da shi aka zo ganin likita.

Na ce, "Kada ka kalle ni. Shagon da za a rufe, ma'aikaciyarsa ta ajiye aiki."

Ya buɗe ƙofar gilashin, ya kai hantsaki kan ɗan fil ɗin da ke riƙe hannayen agogon. Bakin hantsakin ya riƙa bugun fuskar agogon, ƙaf-ƙaf-ƙaf. Ya danne hannun dama da na hagu, ya ja numfashi, ya sake. Fil ɗin ya fita, amma ya yi tsalle ya faɗa cikin gashin dardumar ɗakin. Ya durƙusa yana lalube, dattijo da furfurarsa. Na ci alwashin ba zan motsa ba. Na ƙirga motoci har goma sha tara.

Na ja tsaki, na tashi. "Matsa. Ga shi can kusa da ƙafar gado, kana nema a gabas."

Na cire hannayen, na kwance sukuru huɗu, na ɗaga fuskar agogon na ajiye gefe. Muka leƙa tare, kanmu na gogar juna. Ni na fara gani.

"Malam, mene ne wancan a tsakanin haƙora?"

Ya sa madubi. Ya daɗe yana kallo. "Tsinken ashana."

Na zaro shi da hantsaki. Tsinken ashana ne kuwa, an fere bakinsa an cusa shi cikin ƙaramin faifan da ke sama. Sandar lilon kuma an ɗaure ta da siririyar waya a jikin katako. Na taɓa faifan da bakin hantsaki, ya motsa lafiya lau. Babu haƙori ɗaya da ya karye, babu tsatsa, sai ɗan busasshen mai.

Mai-agogo ya miƙe tsaye, muryarsa na rawa fiye da hannunsa. "Lafiyarsa ƙalau. Ba mutuwa ya yi ba, shaƙe shi aka yi."

Fushina da shi bai tafi ba, amma na ajiye shi gefe tukuna, don wannan ya fi ƙarfin rigimar gida. Wane irin mara imani ne zai sami agogo mai rai ya cusa masa tsinke? Na kwance wayar. Na share tsohon man da ɗan ƙyalle, ya miƙo mini 'yar kwalbar mai, na ɗiga a ramukan da ya dace da bakin allura, ba fiye da ƙwayar gero ba. Na mayar da fuska da hannaye. Makullin da ake wana shi da shi yana kwance a ƙasan akwatin agogon, ya yi ƙura. Shi na bar wa ya yi wanin, don wannan hannunsa na iyawa. Muka rataye shi, ya ɗan tura lilon da yatsa.

Tik. Tak. Tik. Tak.

Ya karkatar da kai, ya lumshe ido. "Yana ɗingishi. Ɗan tura ƙasan zuwa dama." Na tura. "Ya isa." Sautin ya daidaita. Na kalli fuskarsa, rabon da in gan ta haka tun kafin Lauya ta fara zancen makulli.

Saura saiti. Irin wannan agogon ba a tsallake masa awa. In kana juya dogon hannu ka iso rabin awa, sai ka tsaya ya buga ɗaya, in ka iso cikar awa ka tsaya ya buga adadinsa har ya gama, in ba haka ba bugu da lokaci su saɓa. Duk mai gyaran agogo ya san haka. Daga goma da minti goma za mu kai shi ƙarfe huɗu saura. Abin da ba mu lissafa ba shi ne muryar da Allah ya ba wannan ɗan agogon.

Dam!

Gilashin taga sai da ya amsa. Muka kalli juna. Na juya hannu zuwa sha ɗaya, ya shiga zuba su ɗaya bayan ɗaya. Muna cikin sha biyu aka fara bugun bango daga ɗakin maƙwabta. Mai-agogo ya ce, "Ci gaba, ba a barin sa a tsakiya." Ni da ma ban yi niyyar bari ba. Ƙarfe ɗaya, ɗaya da rabi, biyu. Wayar ɗakin ta yi ta ƙara, ba mu san inda ake dannawa ba, muka ƙyale ta. Muna gama uku da rabi aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Mata biyu ne a tsaye. Ɗaya Lauya ce, da katin asibiti a hannu, idonta kamar zai faɗo. Ɗayar wata doguwa ce mai baƙin kwat, za ta yi shekara arba'in, ta ce ita ce manaja. Ta gaishe mu da ladabi, ba zan yi mata ƙarya ba. Sannan idonta ya sauka kan teburin guga, da tawul ɗin da ya sha baƙin mai, da agogon da ke ta tafiyarsa a bango.

"Baba, Mama, ku yi haƙuri. Baƙi uku sun kira ni. Agogunan gidan nan da gangan aka tsayar da su. Tsarin mai otal ne. Mutane na zuwa nan ne don su huta, su manta da lokaci."

Na ce, "Wanda ke son manta lokaci ai sai ya juya wa bango baya. Me agogo ya yi masa?"

"Umma!" in ji Lauya. Ta juya ga manaja tana ba da haƙuri da irin muryarta ta kotu. Tana cikin magana sai ta tsaya cak. Ta kalli agogon, ta kalli babanta.

"Baba, kai ka gyara shi? Da hannunka?"

Yadda ta yi tambayar ya ba ni tausayi. Ba lauya ce ta yi ta ba, yarinyar nan ce da take zama a kan benci bayan makaranta tana kallon babanta yana aiki. So take ya ce e. Na zuba masa ido. Ga ƙofa a buɗe, ya faɗi gaskiya kowa ya huta.

Ya gyara hula, ya ce, "Ɗan abu kaɗan ne."

Ɗan abu kaɗan ne! Na ji kunnuwana sun yi zafi.

Manaja ta ce, "To alhamdu lillahi, tunda Baba ya san kan abin. Don Allah a mayar da shi yadda yake yanzu, kafin ya sake bugawa." Ta ɗauki tsinken ashanar daga kan tawul ta miƙa masa, da murmushinta.

Ya karɓa. Me zai yi? Ya buɗe ƙofar gilashin, ya ɗauki hantsaki, ya ɗaga hannu zuwa fil ɗin. Mutum uku na kallonsa. Ƙaf-ƙaf-ƙaf. Ya danne da hagu, abin ya ƙaru. Bakin hantsakin ya zame ya ja ɗan layi a kan lamba shida. Na ga murnar da ke fuskar Lauya tana zagwanyewa. Zufa ta keto masa a wuya.

Na fizge tsinken daga hannunsa, na karya shi biyu, na jefa cikin bahon wankan nan nasu na tsakiyar ɗaki.

"Babu mai mayar da shi. Ni na cire, kuma ban cire don a mayar ba."

Lauya ta yi wata 'yar dariya ta gajiya. "Umma, ki daina kare shi. Kowa ya ga abin da ya faru."

"Kare shi? Cewa na yi ni na gyara."

"Ke da ko ƙararrawar wayarki ni ke saita miki?"

Manaja ma ta sunkuyar da kai tana danne murmushi. Kai, duniya! Shekara uku ina tsoron kada a gane, ashe ko na hau kan rufi na yi shela ba mai yarda. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Na ɗaure gyalena a ƙugu.

Na ce wa manaja, "'Yar nan, bugun ne ya dami baƙinki ko tafiyar?"

"Bugun ne, Mama, amma tsarin—"

"Bugun zan cire miki. Tafiyar kuwa, muddin ina kwana a ɗakin nan, ba mai tsayar da ita. In mun tafi ku cusa masa taɓarya ma, ku da Allah."

Na karɓi hantsakin daga hannun Mai-agogo, bai hana ni ba. Na zaɓi sukudireba mafi siriri. A bayan sandar lilo akwai 'yar guduma da ke dukan wani naɗaɗɗen ƙarfe, ita ce mai muryar. Sukuru ɗaya ke riƙe da kanta, ƙarami ƙwarai, kuma lilon na kai da kawo a gabansa. Mai sauƙi shi ne a tsayar da lilon a yi aiki a sake shi. Na ƙi. Na ce ba za a tsayar ba, to ko ni ba zan tsayar ba. Na hau kan akwati, na zura hannu ta gefe, na jira lilon ya wuce, na sa bakin sukudireba. Ɗakin ya yi tsit, sai tik-tak a saitin kunnena. Saura minti uku ya buga huɗu.

Juyi ɗaya. Lilo ya dawo, na janye. Juyi biyu. Sukurun ya fara sakin jiki, na kama shi da hantsaki.

Daga bayana na ji muryarsa, ƙasa-ƙasa, irin ta bayan labule. "Hagu. A hankali."

Na ce, "Na sani, Malam."

Fita kawai ta yi daga bakinsa, sabo ne. Amma Lauya ba a banza ta yi karatu ba. Na sauko da kan gudumar a tafin hannuna, na tarar ta daina kallon agogo, mu take kallo, ni da shi. Dogon hannu ya hau sha biyu. Cikin agogon ya yi ɗan gurnani, sandar guduma ta ɗaga ta sauka sau huɗu a iska, shiru kake ji.

Na naɗe kan gudumar da sukurunsa a takarda na miƙa wa manaja. "Ki adana, kayanku ne. Tawul kuma a ba ni sabulu in wanke."

Ta juya takardar a hannunta. Ta ce za ta sanar da mai otal, kuma in mun tafi dole a mayar da agogon yadda yake. Na ce na ji. Ta fita ta ja ƙofa a hankali.

Lauya ta zauna a bakin baho. "Tun yaushe?"

Babanta na kallon ƙasa. Na ce, "Shekara uku."

"Agogon shugaban ofishinmu da na kawo bara, wanda aka kasa gyarawa a nan birni?"

"Kwana biyu ya ci mini."

Ta rufe fuska da hannu. Da ta buɗe, idonta ya yi ja, amma bakin nan yana nan. "To ai wannan ma dalili ne, Umma. Ke ma ba yarinya ba ce. Ki zauna a kasuwa kina ƙure ido, mutane su ce 'ya'yanku sun kasa riƙe ku? Ku huta ku duka."

"Na ce miki na gaji?"

"Ba haka nake nufi ba."

"To saurara. Na yi shekara talatin da takwas ina dafa abin da ake cinyewa kafin in zauna, ina wanke abin da zai sake datti gobe. Ban yi da-na-sani ba, ku na haifa. Amma wannan aikin, in na gyara abu, gyaruwa yake, ya tafi gidan wani ya yi ta tafiya ko bayan raina. Sai yanzu da na same shi za ki miƙa wa mai sayar da igiyar caji? Likita ya faɗi abin da zai faɗa gobe, hannun babanki zai duba, ba nawa ba. Shago ba ya rufuwa. Kuma na gama zaman baya, a gaba zan zauna."

Lauya ta buɗe baki ta rufe. Tun da na haife ta ban taɓa ganin haka ba. Ta ce, "Baba, kai me ka ce?"

Ya naɗe kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ya mayar aljihu. Bai kalle ta ba, ni ya kalla.

"Kin tona mini asiri a gaban baƙuwa."

Na ce, "Na tona."

Ranar bai sake yi mini magana ba. Aka kawo abinci ya ci ya juya baya. Abin ya dame ni, ba zan ɓoye ba, don tun aurenmu ba mu taɓa wuni irin wannan ba. Sau biyu haƙuri na zuwa bakina ina haɗiye shi. Haƙurin me zan ba shi?

Da safe ina ɗaura ɗankwali na gan shi tsaye a gaban agogon, yana gwada shi da na hannunsa. Ya yi magana yana fuskantar bango.

"Yana gudu. Minti biyu."

Na zo na sassauta notin da ke ƙasan lilon rabin juyi. Ya ce, "Ƙara kaɗan." Na ƙara. Iyakar hirarmu ke nan.

Muka taka zuwa asibiti mu uku, Lauya a gaba, shi a tsakiya, ni a baya. Titi ya cika da masu sauri zuwa aiki. A ɗakin jira aka kira lambarmu, muka zauna gaban wata nas mai gilashi da ke cike fom. Ta tambayi shekaru, ya faɗa. Ta tambayi yaushe rawar ta fara, ya ce shekara uku. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Sana'a?"

Hannunsa na dama na kan cinyarsa yana ta aikinsa, bai rufe shi da na hagu ba. Nas ta ɗago.

"Baba, sana'a?"

Ya ce, "Da mai gyaran agogo ne." Ya haɗiyi yawu, ya nuna ni da haɓa. "Yanzu ita ce. Ni karɓar aiki nake ina miƙa mata."

Lauya ta juya fuska ga bango, kafaɗarta na motsi. Nas ta dube ni, biro a sama, kamar tana jira in ce wasa yake. Tausayinsa ya kama ni, na ji kamar in ce ƙarya ne, shi ne mai shago, shi ya koya mini komai. Na damƙe bakin gyalena da ƙarfi.

Na ce, "Rubuta yadda ya faɗa."